CIWON SUGA DA RUFE IYAKA: ABIN DA MUKA GANI A JAMBUTU A SHEKARAR KORONA



Duk falken da ya daɗe a wannan sana'a ya san abin da ake nufi in an ce an tsare garke. In ciwo ya ɓulla a wata kara, malaman dabbobi sukan zo su ce kada saniya ta shiga, kada saniya ta fita, sai an ga abin da hali ya yi. Dattawanmu da suka ga bushiyar 1983 har yau in hira ta yi daɗi sai sun ba da labarinta. Abin da ba mu taɓa kawowa a rai ba shi ne wata rana mu mutane za a tsare, shanu suna kallonmu. To sai ga shi ya faru a 2020, shekarar annobar korona. An yi maganar asarar dukiyar da aka tafka a wannan shekara har an gaji. Yau muna so mu taɓo wata asara da ba a cika faɗinta a taro ba, watau halin da 'yan'uwanmu masu ciwon suga suka shiga sa'ad da hanya ta toshe. Kuma ba don tuna baya kawai muka ɗauko zancen ba. An rufe iyaka a 2019, an rufe a 2020, aka kuma rufe tsakanin Nijeriya da Nijar daga Agusta 2023 har Maris 2024. Wanda ya ce ba za a sake ba, bai san gwamnati ba.

A Jambutu muka zauna muka ga abin da za mu faɗa. Muna nufin Jambutun Garwa, don kada mutanen Jimeta su ce tasu ake nufi, ko da yake yawancinmu duka biyun gida ne.

Ga yadda abin ya zo. Tun watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa, saboda haka annoba ta tarar da mu mun riga mun jigata. Ran 6 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu a Yawunde. Ran 17 ga wata firayim minista Joseph Dion Ngute ya karanto matakai 13, washegari aka rufe iyakokin Kamaru ta ƙasa da ta sama da ta ruwa, sai dai ga kayan masarufi. Aka rufe makarantu, aka hana taron da ya wuce mutum 50, daga 13 ga Afirilu kuma sa takunkumin fuska ya zama dole. Ministan lafiya Manaouda Malachie ne ke faɗin adadi, Lamiɗon Garwa na lokacin kuwa, marigayi Alim Hayatu, shi ne ƙaramin minista mai kula da yaƙi da annoba. A faɗi gaskiya, Kamaru ba ta yi irin kullen da aka yi a Legas da Abuja tun 30 ga Maris ko a Kano tun tsakiyar Afirilu ba, inda aka ce kowa ya zauna gida. A Garwa ana fita. Amma falke in an rufe masa iyaka, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohin Nijeriya har zuwa 1 ga Yuli, ai an kulle shi ko da ƙofar gidansa a buɗe take. Wanda ya saba Adumri yau, Pitowa gobe, jibi Mubi, ya koma zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Wasu kuma can ƙetare abin ya rutsa da su, suka yi wata biyu ko uku a gidan mai masauki da 'yar jakar da suka fito da ita ta kwana huɗu.

Mu fatake jikinmu ya saba da wahala ba tare da mun sani ba. Kwana ɗaya a kara, ka zaga wannan garke ka leƙa wancan, ka bi sa ka duba haƙori ka duba ƙafa, ka raka 'yan kora har bakin mota, in aka auna tafiyar kilomitoci ce masu yawa. Naman jiki in yana aiki yana jan sukarin da ke cikin jini yana ƙonawa. Saboda haka da yawa daga cikinmu masu ciwon suga rabin maganinsu ƙafarsu ce, ba su sani ba. Da tafiya ta tsaya, cin abinci bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Da safe kunun gyaɗa da makala, da hantsi shayi, da rana shinkafa, la'asar wani shayin, da dare tuwo malmala biyu. Shayin nan namu kuma kowa ya san yadda ake zuba masa sukari, har cokali ya kusa tsayuwa. Ga tunanin kuɗin da ya maƙale hannun mutane a Mubi ko Fatakwal, ga shanun da aka saya suna cin harawa da dusa ba mai saye, barci ya ƙaurace. Damuwa da rashin barci su ma suna tayar da suga, likitoci sun tabbatar.

Amma babban abin da ya kayar da mutane shi ne magani. Da yawanmu maganinmu a ƙasa biyu yake. Likita a Yola, gida a Garwa. Ko kuma an rubuta takarda a Garwa, amma ana sayen maganin a Jimeta ko Mubi saboda in ka canja sefa zuwa naira ya fi sauƙi. Kullum ana hanya, don haka ba wanda ke sayen fiye da na mako biyu ko na wata ɗaya. Akwai wani dattijo daga cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, wanda ya shekara takwas yana shan ƙwaya iri biyu, bai san sunan ko ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne babba fara da ƙarama fara, da kuma mai kantin da yake ba shi a Jimeta. Da suka ƙare a farkon Afirilu, ya aiki ɗansa farmasi a nan Garwa ba takarda ba kwali. Yaron ya dawo ya ce, "Baba, sun ce sai da suna ko takardar likita." Ya ce, "To bari dai a buɗe hanya, ai ba za a daɗe ba." Haka ya zauna mako biyar. Ƙishirwa ta dame shi, ya ce zafin bazara ne, kuma wa zai musa masa a Garwa cikin watan Afirilu, inda zafi ke haura digiri 40? Fitsari sau shida sau bakwai a dare, ya ce ai ruwan da yake sha ne. Sai da uwargidansa ta ga tururuwa ta yanyame wurin da yake kama ruwa, idonsa kuma ya fara hazo, sa'an nan aka ɗauke shi a babur. Allah ya yi da sauran kwana. Malamin asibitin da ya karɓe shi ya ce masa, "Alhaji, maganin nan da kake jira daga Nijeriya, akwai shi a bayan gidanka." Metformin ne da glibenclamide, waɗanda mutane suka fi sani da Glucophage da Daonil, kuma ana samunsu a ɓangarorin biyu. A takardar Faransanci ana ƙara harafi ɗaya ne kawai a rubuta metformine.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ƙasashe 155 a watan Mayu 2020, kashi 49 cikin ɗari suka ce aikin kula da masu ciwon suga ya samu tangarɗa a ƙasarsu, ko kaɗan ko gaba ɗaya. Kuma wannan ya zo ne daidai lokacin da mai ciwon suga ya fi kowa bukatar jikinsa ya daidaita, domin korona ta fi kama irinsu da ƙarfi. A Ingila, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda korona ta kashe a asibiti a watannin farko masu ciwon suga ne. A Faransa an bi masu ciwon suga 1,317 da aka kwantar da korona, aka ga ɗaya cikin goma ya rasu a cikin kwana bakwai. A Kano ma, sa'ad da aka yi ta mace-macen nan na Afirilu 2020, gwamnatin jiha da farko ta ambaci hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓi, daga baya a watan Yuni ministan lafiya na tarayya Osagie Ehanire ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce ta jawo, a kan mutanen da da ma suna da wata cuta a jiki.

Amma binciken da ya fi jan hankalinmu na lardin Hubei ne a ƙasar Sin, inda cutar ta fara. An duba masu ciwon suga da aka kwantar, aka raba su gida biyu. Waɗanda sugansu ya zauna daidai a asibiti, wajen ɗaya cikin ɗari ne ya rasu. Waɗanda nasu ya yi ta hauhawa, wajen 11 cikin ɗari. Ciwo ɗaya, annoba ɗaya, bambancin kula. Haka nan a Italiya da Sifen, inda kulle ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba, an ga masu allurar insulin da yawa sugansu ya ma gyaru a lokacin, saboda suna gida, suna cin abinci a kan lokaci, magani da na'urar gwaji suna hannunsu. Mu ma mun ga irin haka a nan. Akwai wanda ya rabu da burodi da lemun kwalba na tasha, ya koma tuwon muskuwari da miyar kuka da ta tafasa da zogale a gida, kullum bayan asuba ya taka har bayan gari wurin garkensa ya dawo, ya fito daga wannan shekara ya fi shigarsa lafiya. Ka ga ke nan zaman gida shi kaɗai ba ya tayar da suga. Abin da zaman ya tarar a hannunka shi ne magana.

ƘASA BIYU, LISSAFI UKU

Yanzu bari mu zauna a kan wani abu da ya shafe mu fiye da kowa, wanda likitan Kano bai cika tuna shi ba, na Yawunde ma haka. Ba da ma'auni ɗaya ake rubuta suga ba. Ɗakin gwaji a Kamaru da Cadi, bisa tsarin Faransa, yakan rubuta giram a lita. A Nijeriya wasu asibitoci suna rubuta milimol, wasu miligiram. Na'urar hannu kuma ya danganta da inda aka sayo ta. Jini ɗaya zai iya fitowa 1,26 a takardar Garwa, 126 a wata na'ura, 7.0 a takardar Yola, kuma duka abu ɗaya suke faɗa: wannan ne iyakar da in mutum ya kai ta da safe kafin ya ci komai, aka maimaita aka sake gani, ake cewa yana da ciwon suga. Mu da muke canja naira zuwa sefa da ka, wannan lissafi bai kamata ya gagare mu ba. Giram zuwa miligiram, ka ninka da 100. Miligiram zuwa milimol, ka raba da 18.

Me ya sa muke nacewa? Wani ɗan'uwa da ya saba da takardar Yola ya je gwaji a nan lokacin da hanya ke rufe, aka miƙo masa takarda an rubuta 2,5. A lissafin da ya sani, 2.5 suga ne da ya faɗi ƙasa warwas. Sai ya fita ya sayi lemun kwalba biyu ya shanye. Alhali 2,5 na nan shi ne 250, watau kusan 14 a lissafin Yola, ya ninka abin da ake so. Ya zuba fetur a kan wuta da hannunsa. Ba wauta ba ce, ba a taɓa gaya masa ba ne.

Abin da likitoci suka fi nema ga yawancin manya shi ne da safe kafin karin kumallo a samu tsakanin 80 da 130, watau 0,80 zuwa 1,30, ko 4.4 zuwa 7.2. Awa biyu bayan cin abinci kada ya wuce 180, watau 1,80 ko 10. In ya sauka ƙasa da 70, watau 0,70 ko 3.9, ya yi ƙasa da yawa. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko zuciya likita yakan sassauta musu, don haka naka adadin a bakin likitanka yake. Akwai kuma wani gwaji da ake kira HbA1c wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba ya jin wayon wanda ya ƙi cin tuwo daren jajiberin zuwa asibiti. Shi lissafinsa kashi cikin ɗari ne a nan da can, kuma ga yawancin mutane ana so ya tsaya ƙasa da 7.

Na'urar ita ma tana da nata rikicin. 'Yan takardun nan da ake ɗiga jini a kai kowace na'ura da irin nata, kamar yadda kowace mota take da irin tayarta. Mutane da dama sun zauna da na'ura sabuwa ful da suka sayo a Kano ko Makka, amma takardunta babu su a duk Garwa. Kafin ka sayi na'ura, tambayi ko ana samun takardunta a ɓangarorin biyu. Kuma ba sa son zafi da danshi: kada a bar gwangwaninsu a buɗe, kada a bar shi a gaban mota.

Masu allura kuwa sai su ƙara kunne. Insulin yana zuwa da ƙarfi iri biyu, mai 40 da mai 100 a kowane mililita, an rubuta a jikin kwalba, kuma kowanne da irin sirinjinsa. In ka ɗebi mai 100 da sirinjin mai 40 ka tsaya a kan lamba 10, ba 10 ka ɗeba ba, 25 ka ɗeba, kuma wannan yana iya kai mutum kabari. In ka juya, ka ɗebi mai 40 da sirinjin mai 100, a kan lamba 10 ɗin 4 kawai ka samu. Lokacin da aka rasa wanda aka saba da shi, aka koma sayen wanda ya samu, nan ne irin wannan kuskure ke shigowa. Lambar kwalba da lambar sirinji su zama ɗaya.

Batun ajiya ba sai mun yi dogon bayani ba ga mutanen da suka san allurar rigakafin shanu da ake yi a LANAVET ta Bokle, da yadda malamin dabbobi ke yawo da ita cikin akwatin ƙanƙara. Insulin ma haka yake, kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma kada ta daskare, in ta daskare ta lalace. Wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta a bazara. Amma akwai labari mai daɗi. A 2021 ƙungiyar likitocin nan ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar da binciken da suka yi bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a arewacin Kenya, suka nuna kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. To amma Garwa a Maris da Afirilu takan wuce 37, saboda haka sai a koma ga dabarar iyaye. Tukunyar ƙasa a cikin wata tukunyar, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa wannan tukunya don ajiyar kayan lambu. A sa kwalbar cikin leda ko ƙaramin gwangwani don kada ruwa ya taɓa bakinta ko ya goge rubutunta.

AZUMI YA ZO A TSAKIYA

Kamar duk wannan bai isa ba, azumin shekarar ya kama ran 24 ga Afirilu, cikin tsakiyar zafi, aka yi salla wajen 24 ga Mayu. A shekarun da hanya ke buɗe, mai hankali yakan ga likitansa kafin watan ya tsaya a gyara masa lokacin magani. A 2020 da yawa ba su samu ba. Wasu suka ci gaba da shan Daonil da sahur yadda suka saba sha da safe, kafin la'asar sai rawar jiki da gumi da jiri, domin shi wannan magani yana saukar da suga ko ka ci ko ba ka ci ba. Wasu suka ajiye magani gaba ɗaya, da magariba kuma a haɗa dabino da kunu da folere mai sukari da ƙosai da shinkafa a zama ɗaya.

Ƙa'idar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da likitoci Musulmi da shawarar malamai a fili take: in suga ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, watau 3,0 a takardar nan ko wajen 16.6 a ta can, a karya azumi nan take, ko saura minti goma a sha ruwa. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi a fatawar da suka dogara da ita. Mai allura sau da yawa a rana, da mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa suma kwanan nan, shawarar da ake ba su ita ce kada su ɗauka. Sauƙin da Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara kowane ɗalibi ya san shi. Abin da ke hana mu karɓa kunya ce, kada yara su ga Alhaji yana cin abinci da rana. Mun ga inda wannan kunya ta kai mutum gadon asibiti, inda dole aka sa masa ruwa a jijiya kowa yana gani.

In suga ya faɗi, mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi ƙwayar sukari 3 ko rabin kofin lemun kwalba, a jira minti 15, in bai dawo ba a ƙara, sa'an nan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, ba ruwa ba rubutu, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Yaranmu masu kora da direbobi ya kamata su san wannan, domin su ne ke tare da mu a daji.

Akwai kuma maganin da mutane suka riƙa sha don tsoron korona. Kulorakwin ya yi tashe, alhali yana iya saukar da suga, kuma babban gwajin da aka yi a Ingila ya nuna a watan Yuni 2020 cewa ɗan'uwansa hydroxychloroquine ba ya hana mutuwa. Shi wannan gwaji ya nuna dexamethasone yana ceton wanda ciwon ya kai shi ga bukatar iskar oksijin, sai labari ya bazu aka riƙa sayensa a kasuwa ana sha a gida don rigakafi. Mu mun san shi, muna ganinsa a jakar masu maganin dabbobi. Yana tayar da suga sama sosai, har wanda bai san yana da ciwon ba sai ya bayyana. Game da sassaƙe da jiƙe-jiƙe ba za mu ja da kowa ba, zogale da shuwaka abinci ne mai kyau, amma ba mu ga wanda ya ajiye insulin ya koma kansu ya wanye lafiya ba.

Na ƙarshe da ya ci mutane shi ne tsoron asibiti. An riƙa cewa in ka je da tari za a killace ka, in ka mutu ba za a ba da gawarka ba. Sai aka zauna gida da abin da bai kamata a kwana da shi ba. Mai ciwon suga da ke amai ba tsayawa, ko ciwon ciki da numfashi mai zurfi, ko ya fara sambatu da barci mai nauyi, ba na gobe ba ne, na yanzu ne. In zazzaɓi ko zawo ya kama shi ya kasa ci, insulin ba a daina shi gaba ɗaya, domin ciwo da kansa yana tayar da suga, sai dai a yawaita gwaji da shan ruwa a nemi likita ko ta waya ya faɗi yadda za a rage ko a ƙara. Metformin kuwa in jiki ya bushe da amai da zawo ana dakatar da shi sai an warware. Sai ƙafa. Ciwon yana kashe jijiyar ji, ƙaya ta soki mutum ko saniya ta taka shi bai ji ba, gyambo ya kama. Ɗan miki da za a wanke a mako ɗaya, in ya yi wata biyu a ɗaure da tsumma, zancen yanka ake yi. Mu da muke ɗaga ƙafar sa mu duba kofato kafin mu biya kuɗi, namu ƙafafun sai mu shekara ba mu leƙa tsakanin yatsu ba.

Ran 16 ga Disamba 2020 Nijeriya ta buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu ko ɗaya a ɓangarenmu na Adamawa. Sai ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Ciwon suga kuwa yana nan. Ƙididdigar 2021 ta ce manya miliyan 24 ke da shi a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba.

Ba falken da rani zai kama bai tanadi harawa da angurya ba. Abin da muke roƙon 'yan'uwa masu wannan ciwo bai kai wannan tsada ba. A riƙa ajiye maganin wata biyu ko uku a gida, ana shan na tsoho ana ajiye sabo, ana duba ranar lalacewa. In za a fita tafiyar kwana huɗu a ɗauki na mako uku, a jiki, ba a cikin kayan da ke bayan tirela ba. A sa malamin asibiti ya rubuta sunan magani na asali da ƙarfinsa da lokacin sha a ƙaramar takarda, da Faransanci da Ingilishi, a naɗe ta cikin leda tare da katin shaida, a kuma ɗauki hotonta a waya a tura wa babban ɗa. A samu likita ko malamin asibiti ɗaya a kowane ɓangare wanda ya san ka, kana da lambarsa. Masu masauki a Mubi da Jimeta da Adumri da nan Jambutu, in baƙonku yana da suga ku sani tun ranar da ya sauka, ku san inda yake ajiye maganinsa. Dattijon da muka ba da labarinsa yanzu kwalin magani biyu ne a aljihun babbar rigarsa, ko babu ƙwaya a ciki ba ya yar da su, kuma ya haddace sunayen.